Bindigar Barewa a Gaban Ɓauna

Ranar Larabar da ta wuce, kasuwar Konni tana ci, wasu samari uku 'yan kabu-kabu suka tsaya a bakin rumfata, inda nake gyara wa maharba bindigogi. Ɗayansu ya jawo wata tsohuwar kaliba duz daga cikin buhu, irin mai watsa ƙwayoyin dalmar nan da muke harbin zabi da ita, ya ce in duba masa, wai za su tafi kudu su harbo ɓauna. Na tambaye shi ko ya taɓa ganin ɓauna. Ya ce ya gani a telebijin, ai baƙar saniya ce. Abokansa suka kwashe da dariya. Na mayar masa da bindigarsa cikin buhu, na ce su ɗauke baburansu daga gabana kafin in yi abin da sai an kira jandarma.

Tun ranar nan raina a ɓace yake, to bari in zauna in gaya muku, ku da kuke ganin harbi jan kunama ne kawai. Sunana Arzika, kuma na haura shekara arba'in ina bin daji. Kunamar bindiga ko akuya ta taka ta sai ta tashi. Aikin yana wurin sanin wane harsashi ya dace da wace dabba, tun kana gida, kafin ka sa ƙafa a mota. In ka kai wa babbar dabba ƙaramin harsashi ba za ta mutu ba. Za ta shige ciyawa da ciwo a jikinta, kuma dole a bi ta a ƙarasa ta. Mai shiga gaba a wannan bin ba mai bindiga ba ne. Mai bin sawu ne, kansa a duƙe, idonsa a ƙasa. Kai ka yi kuskuren, shi ke kwana a ciki.

Barewar farko da na harba a duwatsun bayan Badaguishiri ne, ina hannun maigidana Baba Maidaji. Kafin ranar na yi shekara uku ina ɗaukar masa gora da burgami, bai taɓa bari na riƙe adaka ba, wato bindigar nan ta maƙera da ake ɗura wa albarushi ta baki. Abin da ya ba ni kawai toka ce ƙulle a tsumma, in girgiza in ga inda iska ta nufa. Ranar da ya miƙo mini adakar, tsoron bugunta ya sa na rage albarushi ban gaya masa ba. Na samu barewar a cinya, ta tafi da ƙafa uku. Baba Maidaji bai zage ni ba. Ya karɓe bindigar, ya karɓe takalmana, ya nuna mini jinin a kan dutse ya ce, "Wanda yah hidda jini shi ka bin shi. In ba ka samo ta ba, kak ka komo min gida." Kwana biyu na yi cikin tsakuwa da ƙaya kafin in cim mata. Wannan dokar maharba ce, ba a buron gwamnati aka rubuta ta ba, kuma har yau ban ga wadda ta fi ta ba.

Da naman dajinmu ya ƙare, muka koma bin kudu. Na yi rani takwas ina yi wa wani Bature aiki a dajin farauta na haya, can hayin kogi bayan Gaya, inda ake yankar takarda a harbi ɓauna da gwanki. A wurinsa na san lambobin bindigogi, waɗanda ke nuna faɗin ramin bakinsu. Mai lamba ashirin da biyu ta zomo ce. Mai ɗari biyu da arba'in da uku ta barewa ce da gada: tana kai wa nesa, ba ta da bugu, amma kan harsashinta bai kai kaurin fensir ba. Ɓauna kuwa daga ɗari uku da saba'in da biyar ake fara magana. Harsashin wannan bindiga ya kai tsawon yatsana na tsakiya, in ta tashi tana dukan kafaɗa kamar harbin jaki, shi ya sa ragwaye ba su son ta. Harsashin ma iri biyu ne, mai laushin kai da ke buɗewa cikin nama, da mai taurin kai da ke fasa ƙashi ya wuce. Na farko a sa mai laushi, na bayansa duk masu tauri. Da Baturen zai koma ƙasarsu ya bar mini bindigarsa ta ɓauna tare da takardunta.

Masu kuɗin garin nan kuwa, Allah ya sawwaƙe. Mutum zai zaɓi bindiga don ƙyallin katakonta, ko don madubin hangen nesa da ke kanta ya fi na maƙwabcinsa girma. Wani ya taɓa kawo mini tasa, wai ta lalace ba ta samun komai. Na ce ya harba in gani, sai na ga tun kafin ta tashi ya runtse idanu duka biyu. Na ce masa bindiga lafiyarta ƙalau, mai ita ne ke son gyara. Bai sake dawowa ba, ni ma ban neme shi ba.

Mai bin sawuna shi ne Nomau, mutumin Bazaga. Shekara ashirin muna tare. Siriri ne, ba ya riƙe komai sai sanda da 'yar wuƙa, ya ce bindiga tana ɗauke wa mutum ido daga ƙasa. Nomau zai dubi kashin ɓauna ya tsokane shi da sanda ya gaya maka tun yaushe ta wuce, da abin da ta ci, da ko tana tafe a natse. Yana da tsiya kuma. In na kuskure harbi sai ya ce, "Arzika, mi iccen ga ya yi maka?" Da damina yana noman geronsa da wakensa, da rani mu shiga daji. Yana da mata ɗaya, Habsu, da 'ya'ya biyar.

Sai ga shekarar nan da ruwa ya ɗauke da wuri, fara ta zo ta lashe abin da ya rage, daminar dubu biyu da huɗu. Ba sai na gaya muku ba, kun ci ganyen tafasa har kun gaji. Kafin tsakiyar rani rumbuna sun zama fanko daga Bazaga har Illela. Babu mai kawo gyaran bindiga, wasu ma sayar da nasu suke yi. A cikin wannan halin Alhaji Tankari, mai manyan motocin dakon kaya, ya aiko a kira ni. Na same shi a zaurensa, ya sa aka kawo mini lemo mai sanyi.

"Arzika, ɓauna nika so," in ji shi. "Kowa cikin garin ga ya ci barewa. Ni so nikai in aza ma baƙina naman ɓauna, in ce ni nih halbo ta."

Ya buɗe wani dogon akwati ya fito da sabuwar bindiga fil, har da madubi. Na juya ta na karanta lambar. Ɗari biyu da arba'in da uku.

Na ce, "Alhaji, wagga ta barewa ta. Ga tawa nan, in koya maka riƙonta kwana ukku, ka halba da ita."

"Taka kashewa takai nan take. Ni ba ni cin mushe. So nikai in karya mata kahwaɗa ta hwaɗi da ranta, in sa mata wuƙa da hannuna."

Ashe nan maganar take. Ni ma Musulmi ne, in na iske dabba da sauran rai ina yanka ta. Amma malamai sun sha gaya mana cewa in maharbi ya yi bisimilla ya harbi naman daji ya mutu da harbin, ya halatta. Na ja Alhaji har wurin limamin unguwarsu, dattijo mai ilimi, ya maimaita masa haka a gabana. Muna fitowa Alhaji ya ce, "Liman da karatu nai, ni da cikina. Abin da wuƙa ba ta bi wuya nai ba, ba shi shiga bakina."

Na ce to tunda kunne bai ji ba, bari ido ya gani. Na je wurin mahauta na samo kafaɗar bijimi da fatarta, na ninka wata fatar a kai don ta yi kusa da kaurin ta ɓauna, muka fita bayan gari na jingine ta a jikin suri. Alhaji ya harba tasa. Muka tsaga muka duba, harsashin ya farfashe a kan ƙashi, bai ko huda shi ba. Na harba tawa, ta fasa ƙashin, ta wuce, ta tone surin. Na juyo ina jiran ya ce ya gane. Sai na ga yana murmushi har kunne.

"To ka gani! Abin da nika hwaɗa maka ke nan. Taka ɓarna takai. Tawa ko nan taka tsayawa ga kahwaɗa."

Wallahi da hannuna na ƙara masa ƙarfin gwiwa. A wurin nan ya kamata in naɗe kayana in tafi gida, kuma na san haka tun a lokacin. Amma ya yi alkawarin gero, buhu-buhu, nawa da na Nomau. Na hau amalanke na tafi Bazaga na zayyana wa Nomau komai, ban ɓoye masa lambar bindigar ba. Ya daɗe yana zane a ƙasa da sandarsa.

"Arzika, rumbuna ko ɓera ya bar shi," ya ce. "Mu tai. Kai dai kak ka yi nisa da shi. Da ya halba ka bi mashi da taka."

Da wannan sharaɗin muka shirya, Alhaji ya ce ya yarda. Takardar harbin ɓauna da lambar bindigata aka yi ta, tasa kuma aka rubuta ta a ta ƙananan dabbobi. Ni na tsaya a gaban mai rubutun na bar shi ya rubuta haka. Wannan laifina ne, ba na ɗora wa kowa.

Muka bi ta Doso da Gaya a motar Alhaji, da direbansa, muka haye kogi. Ranarmu ta uku a dajin, da hantsi, Nomau ya tsinci sawu a bakin wani tafki da ya kusa ƙafewa. Ɓauna ɗaya ce, irin tsofaffin mazan nan da suka bar garke. Muka bar direba da mota muka bi a ƙasa kamar tafiyar rabin awa. Muka same ta tana tsaye a inuwar wata tsamiya, taku sittin tsakaninmu, ta ba mu gefe, iska kuma tana busowa daga wajenta. Ba a samun tsayuwar da ta fi wannan. Na kafa wa Alhaji sandunan ɗora bindiga, na tsaya a damansa, tawa a kafaɗa.

Ya harba, kuma in faɗi gaskiya ya samu inda ya nufa. Na ga ƙura ta tashi a kafaɗarta, ta durƙusa a gwiwa. Na ɗora mata tawa, yatsana na kan kunama, sai na ji an fizgi bakin bindigata sama. Alhaji ne ya riƙe shi da hannu biyu.

"Kak ka halba! Ta hwaɗi! Kak ka ɓata min ita!"

Kafin in ƙwace, ɓauna ta miƙe ta faɗa cikin gamba, ciyawar nan da ta fi mutum tsawo. Ko ɗingishi ba ta yi.

Muka zauna muka ba ta awa guda, kamar yadda ake yi, ko ciwon zai kwantar da ita. Na ce wa Alhaji ya tashi, shi ya fitar da jini, shi zai bi. Ya ce gwiwarsa na ciwo, kuma ai don haka ya ɗauko mu. Har ya ce in ta gagara a bar ta, a nemi wata. A bar ta! Akwai ƙauye a bakin dajin, mata na shiga itace, Fulani na ratsawa da shanu. Ɓauna mai ciwo duk wanda ta gani shi ya harbe ta. Nomau ya miƙe. Ya sha ruwa, ya ɗauki sandarsa, ya dube ni.

Ga abin da nake so ku riƙe, ku masu bindiga cikin buhu. Babban harsashi yana barin babban rami, jini ya zuba a fili, mai bin sawu ya bi shi a tsaye yana kallon gabansa. Ƙaramin harsashi kuwa, fatar ɓauna tana rufe raminsa. Ɗigo ɗaya a nan, sai ka yi taku ashirin kafin ka ga wani a bayan ganye. Haka Nomau ya shiga gambar nan kusan da rarrafe, yana ɗaga ciyawa ɗaya-ɗaya da sanda. Ina bayansa taku uku, ina kallon saman kansa. Zafi ya yi zafi, ko tsuntsu ba ya kuka. Ita ɓauna in ta ji ciwo takan yi gaba, sa'an nan ta karkato ta dawo gefen sawunta ta tsaya tana jira. Mun san haka, mu biyun. Amma sai da jini ake gane inda ta karkata, jini kuwa babu.

Daga hagu ta fito, ba ta fi taku shida ba. Ban ji gurnani ba, ciyawa kawai na ga ta tsage. Nomau yana duƙe ta same shi. Ta sa masa ƙaho a matsematsi ta ɗaga shi sama ta yar. Na harbe ta a gindin wuya ta juyo kaina, na sake ɗurawa na sa mata na biyu a ƙashin baya, ta zube. Tsakanin fitowarta da faɗuwarta bai kai a ce salamu alaikum sau biyu ba.

Na faɗa kan Nomau. Jini na tsartuwa daga cinyarsa ta sama, inda ba a iya ɗaurewa. Na kwance rawanina na cusa a ramin na danne da gwiwa, na shiga ƙwala wa Alhaji kira. Yana can gindin tsamiya, shi ya fi kusa da mota. "Alhaji! Mota! Ta kashe Nomau! Sheƙa ka kawo mota!" Na ji ya amsa. Na ji gudu, na ce alhamdu lillahi. Sai na lura gudun ƙaruwa yake yi, ba raguwa ba.

Ya ɓullo cikin ciyawa yana haki, mai ciwon gwiwar nan, da wuƙa tsirara a hannu. Ya dubi Nomau. Na rantse ya dube shi. Ya wuce mu ya nufi ɓaunar, wadda ke shure-shuren ƙarshe.

"Arzika, taho ka riƙe min ƙaho! Da sauran ranta!"

Na zage shi zagin da ban taɓa yi wa babba ba, na haɗa har kakanninsa. Bai ko waiwayo ba. Ya taka ƙahon da ƙafa, ya yi ta gurzar wuyan nan mai kauri har ya yanke, yana kabbara. Sai da ya ga jini ya malala sa'an nan ya goge wuƙa a ciyawa ya ce bari ya kira direba. Ni kuma ba ni da ikon ɗaga gwiwata in tafi da kaina.

Nomau bai yi ihu ba. Da muka sa shi a bayan mota, kansa a cinyata, ya buɗe ido ya ce, "Arzika, ban ga inda tak karkata ba." Kunya yake ji, wai ya kuskure a aikinsa. Na ce masa babu mahaluƙin da zai gani. Ya yi kalmar shahada, ya cika kafin mu fita kan kwalta. A ƙauyen bakin dajin muka yi masa sutura, mutanen da ba su san ko sunansa ba suka yi masa salla.

Da aka feɗe ɓaunar na je na duba kafaɗar da kaina. Gutsattsarin harsashin Alhaji suna nan manne a kan ƙashi, ko cikin ƙirji ba su leƙa ba. Alhaji ya sa aka yanyanka naman aka shanya, aka cika buhuna. Muka dawo Konni. Kwana biyu sai ga labari ya cika gari, Alhaji Tankari ya harbo ɓauna, kuma yankakkiya ce, da hannunsa ya yanka. Mutane na ta shiga zaurensa suna yi masa barka, a ƙarshe a ɗan ƙara da Allah ya ji ƙan mai bin sawu. Tun daga ranar ban sake kai kowa daji da bindigar da ba ni na zaɓa ba, kuma duk wanda ya zo mini da maganar ƙaramin harsashi a kan babbar dabba, ko ubana ne, korarsa nake yi.

Alhaji ya cika alkawarin gero. Ya aiko da na Nomau rumfata, ya ce ni zan kai, a kan buhun kuma an ɗaura wani ƙunshi na busasshen nama, wai sadaka ga iyalan mamaci. Na ɗora a amalanke na kama hanyar Bazaga da niyyar in jefar da ƙunshin a kwazazzabon farko da na gani. Na wuce kwazazzabo uku ban jefar ba, don na san abin da ake ci a ƙauyen.

Na iske Habsu tana takaba a ƙofar ɗakinta. A tsakar gida akwai ƙwarya cike da 'ya'yan anza da aka jiƙa don ɗacinsu ya fita, abincinsu ke nan tun makonni. Yaran suna zaune a inuwa, babu mai wasa a cikinsu. Na yi mata gaisuwa, na gaya mata inda aka binne shi da yadda ya cika da kalma. Na sauke gero. Ta dubi ƙunshin.

"Malam Arzika, naman mi na wanga?"

Da na so, da na ce na gwanki ne. Na ce, "Nata na, ɓaunar da tak kashe shi."

Ƙaramin ɗanta ya riga ya matso, ya ɗora hannu a kan ƙunshin yana shinshina. Ta daɗe tana kallonsa.

"An yanka ta?"

"An yanka ta," na ce.

Ta kira babbar 'yarta ta ce ta hura wuta. Da aka sauke tukunya, ni aka fara zuba wa, don ni ne baƙo.